Rana Ba Ta Ƙarya: Tsarabar Jega, Aliero Da Maiyama

 Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba kamar yadda kuka saba samu daga alƙalamina, tsarabar tafiya ce na ƙullo muku daga Jihar Kebbi, tunda Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi.

Kafin mu kama hanya ina da tambaya. Idan iyaye suka zauna lissafin kayan ɗakin amarya, me da me ake rubutawa? Gado da katifa, kujeru, sif, madubi, labule, kafet, tukwane, kuloli saiti-saiti, har abin goge ƙafa ba a mantawa. To a cikinku wa ta taɓa ganin an rubuta haske? Sai a zubar da dukiya a ƙawata ɗaki, a kai yarinya, magariba na yi a ɗauke wuta, duk kayan nan su zama baƙi ƙirin, amarya na bakin gado tana laluben ɗankwalinta da tocilar waya. Mu mata mu ne masu wuni a ɗaki, mu ne kuma duhunsa ya fi cutarwa, amma mu ɗin ne ba mu taɓa sa shi a lissafi ba.

Cikin bazarar da ta wuce bikin 'yar Gwaggona ya kai ni Jega. Daga Kano na fara sauka Sakkwato na kwana, washegari da hantsi muka hau mota muka miƙe kudu ta Shagari da Tambuwal. Ke 'yar'uwa, wanda bai shiga ƙasar nan a watan Afrilu ba bai san rana ba. Zafi yakan haura digiri 40, iskar da ke shigowa ta tagar mota kamar daga bakin murhu take fitowa, kwalta na ƙyalli a gaba sai ki rantse ruwa ne kwance. Muna wuce Tambuwal ba da nisa ba muka shiga Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, daga nan kuma na fara lura da wasu baƙaƙen faranti masu sheƙi a kan rumfunan masu cajin waya, da saman masallatai, da kan tankunan ruwa.

Jega gari ne mai tarihi a ƙasar Gwandu. Buhari ɗan Abdussalami, malamin nan na Gimbana, shi ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, sarautar garin kuwa Sarkin Kabin Jega ake ce mata. Gulbin Zamfara ya ratsa ta gefensa, shi ya sa ko da rani za ki ga fadama shar da shinkafa da kayan lambu. Daga garin ne Farfesa Attahiru Jega ya fito, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. Amma abin da ya fi ɗaukaka sunan Jega tun zamanin fatake shi ne kasuwarta, domin hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri duk a nan suka haɗu.

Gidan Gwaggo a Jega Magaji yake, tsohon ginin ƙasa ne mai zaure biyu, an dai yi wa wasu ɗakunan rufin kwano daga baya. Na isa ana kiran azahar, rana ta take tsaka, amma ina ɗaga labulen ɗakinta sai na tsaya cak, don wallahi ko tafin hannuna ban gani ba. Sai muryarta na ji daga can ƙurya tana cewa, "Shigo mana ɗiyata, mi kika tsaya kallo?" Na ce, "Gwaggo ai ban gan ki ba ne." Ta yi dariya ta ce, "Ku mutanen Kano da saurin ƙorafi. Zamna, yanzu idonki shi buɗe."

Da idon nawa ya washe sai na ga taga ɗaya ce tak a ɗakin, can sama kusa da azara, faɗinta bai wuce faifai ba, ita ma an cusa mata tsumma saboda ƙura. Na tambaye ta dalilin da mutanen da suke gina ɗaki haka. Ta ce, "Ba wauta sunka yi ba. Taɓa bangon ga ki ji." Na taɓa na ji shi da sanyi kamar gindin randa. Ta ce kaurin bango da ƙanƙantar taga su ke hana zafi shiga, su ke kuma suturta mace daga idon mai wucewa. A zamaninsu ɗaki wurin kwana ne da ajiya, daka da tankaɗe da kitso da kaɗi duk a tsakar gida ake yinsu, in dare ya yi a kunna aci-balbal a yi hira kaɗan kowa ya kwanta.

Maganar Gwaggo gaskiya ce, sai dai zama ya canza ɗakin bai canza ba. 'Yar yau a ɗaki take ɗinkin hula, a ɗaki take zanen lalle, a ɗaki take bitar karatu. Autar Gwaggo tana ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar fita saura 'yan makonni, da rana ga makaranta ga Islamiyya ga aikin biki, ba ta da lokacin littafi sai bayan isha. A daren farko na same ta ta kifa ciki a tabarma, ta dasa kyandir a kan murfin kwano, harshen wutar bai fi taƙi ɗaya da gidan sauro ba. Gabana ya faɗi. Na ce, "Ke, ba kya tsoron gobara?" Ta ce, "Yaya to ya zan yi? Batirin tocila ya ƙare, kananzir kuma Inna ta ce ya fi ƙarfinta." Idanunta sun yi ja, tana karatu tana murza su.

Wutar lantarki dai kowa ya san halinta a ƙasar nan, yau ta zo gobe ta yi yaji. Janareto kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 ya zama sai wane da wane, ga shi hayaƙinsa na ɗauke da wata guba marar wari wadda ke kashe mutane cikin barci idan an kunna shi kusa da ɗaki. Ga rana a waje tana ƙona ƙafa kyauta, ga yarinya a ciki tana kashe idonta da kyandir na kuɗi.

Kwana biyu da zuwana aka aike mu Aliero sayen albasar biki, tafiyar ba ta da nisa daga Jega in kin koma ta hanyar Sakkwato. Tun kafin ki shiga gari hancinki zai gaya miki kin iso. Albasa ce tsibi-tsibi, ja da fara, manyan motoci na lodi zuwa kudu, a bayan gari kuma ga rudu jere, wato rumbunan kara da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsa albasar kada ta ruɓe. Garin ya kuma yi suna wajen ɗori, daga nesa ake kawo masu karaya. Sannan akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006, a nan ɗan Kawuna yake karatun injiniya, a gefe yana haɗa wa mutane sola yana samun na sabulu.

Da yake taubashina ne, yana ganina ya fara tsiya, wai Bakanuwa ta zo ƙauye ganin wayewa. Na ce ya bar surutu ya fahimtar da ni abin nan da yaren da Gwaggo za ta gane. Ya ce, "To ɗauki misalin ruwa. Farantin da ke kan rufi shi ne ɗan garuwa, batir shi ne randa, ƙwan fitila kuma moɗa. Ɗan garuwa na zubawa da rana, ke kina ɗiba da dare. In moɗarki ta fi ƙarfin randa, kafin tsakar dare kin ga gindinta." A tsakaninsu kuma akwai wata 'yar na'ura da masu shago ke kira kwantirola, ita ke hana randar ambaliya, wato kada caji ya yi wa batir yawa ya lalata shi.

Ya ɗauki tsinke ya yi min lissafi a ƙasa. Faranti mai wat 50, a ƙasa irin tamu da rana mai ƙarfi ke kai awa 5, zai tara wajen 250 a wuni, in an cire abin da ke zubewa a hanya a ce 200. Ƙwan zamani da ake kira LED mai wat 5 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 40. In kin kunna guda 3 na tsawon awa 5 kin sha 75 ke nan, saura ya ishi cajin wayoyin gida har da 'yar ƙaramar fanka na ɗan lokaci. Na ce, "Ashe abin bai kai yadda ake tsorata mu ba." Ya ce masu tsorata mutane lissafin firij da dutsen guga suke yi, haske shi ne mafi araha a duk abin da sola ke yi.

Ya ce hawa uku ne, kowa da tsayinsa. Akwai 'yar fitilar hannu mai zuwa da farantinta kamar tafin hannu, ki shanya da safe ki yi karatu da dare, wannan ita ce ta ɗaliba. Akwai 'yar akwati mai ƙwai uku ko huɗu da dogayen wayoyi, ɗaya a ɗaki, ɗaya a kicin, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a bayi, da wurin cajin waya, wannan ita ce ta amarya. Sai babban haɗi mai inbata da manyan batura na masu talabijin da firij, wannan aikin maigida ne. Ya kuma gaya min ba yau aka fara nazarin abin a yankin ba, tun farkon shekarun 1980 akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, abin da ya canza shi ne kayan sun sauko har talaka na iya taɓawa.

Sai dai ya ja min kunne da kyau, ya ce araha ba ta ado. Faranti mai wat 100 na gaske tsawonsa ya kusa mita 1, don haka in kin ga wanda bai fi littafin rubutu ba an manna masa takarda wai wat 200 ne, ki riƙe kuɗinki. A gwada miki kaya a gabanki, ki karɓi rasit, ki tambayi wata nawa za su karɓa in ya lalace. Batir iri biyu ne: mai dalma ya fi sauƙin kuɗi amma ba ya son a kwashe fiye da rabinsa, na litiyom ya fi tsada ya kuma fi daɗewa. Kada a ajiye mai dalma ƙarƙashin gado, a sa shi inda iska ke shiga, in ya mutu a mayar wa masu saye, kada a bar wa yara su fasa, don dalma guba ce. Ita ce ta hallaka yara kusan 400 a Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga dutsen zinare ta fito.

Shi kansa farantin yana son kulawa. A kafa shi yana kallon kudu, a ɗan karkace kaɗan don ruwan sama ya riƙa wanke shi, a nisanta shi da inuwar darbejiya, domin inuwar reshe ɗaya na iya rage ƙarfinsa sosai. Da hunturu kuma ƙurar da ke kwanta wa kayan ɗakinki ita ke kwanta masa, sai a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe kafin ya ɗau zafi. Ya ce rabin waɗanda ke kiransa wai solarsu ta mutu, da ya hau rufi ƙura kawai yake tararwa.

Duk wannan maganin dare ne. Maganin duhun rana kuwa a Maiyama na gano shi, garin da ke kudu da Jega a kan hanyar Koko da Yawuri, inda muka je kai goron gayyata gidan wata ƙanwar kakarmu. Ƙasar noma ce, gero da dawa da shinkafa, gidajen kuma da yawa rufin kwano ne ba silin. Ina shiga kicin ɗin surukarta na ɗaga kai ina neman ƙwan da aka kunna, don wurin fes yake, har ƙwayar gero da ta faɗi ƙasa kina gani. Matar ta yi murmushi ta ce, "Ba wuta ba ce, Allah ne ya kunna." Ashe kafinta ne ya cire falle ɗaya na kwano ya sa na roba mai shigar da haske, mai tudu da kwari irin na sauran, ya zauna daram a cikinsu.

Na zauna ta ba ni labarin abin. Ta ce falle ɗaya ya isa, in an yi biyu ɗakin ya zama tanda. Mai duhun madara ya fi mai garau kamar gilashi, don shi yana watsa hasken ko'ina, mai garau kuwa wuri ɗaya yake zuba rana. Wata maƙwabciyarta ta sa an yi mata a saitin gado, bazara na zuwa ta rasa inda za ta sa kanta, sai da aka mayar da kwano. Wurinsa kicin ne da bayi da sito da lungun da ake wucewa. A kuma tabbatar kafinta ya ɗora shi yadda kwanon sama zai hau kansa, ya toshe bakin ƙusoshi, in ba haka ba damina na zuwa ki kwana tarar ruwa da roba. Shekaru na tafiya rana takan cinye shi ya yi rawaya ya fara tsagewa, sai a canza.

A sitonsu kuma na ga abin da ya fi ba ni mamaki: gorar ruwa ta roba an soke ta a cikin kwano, rabi a waje rabi a ciki, tana haske kamar ƙwai. Aikin taubashin nan nawa ne. Daga baya ya gaya min wani makanike ɗan ƙasar Birazil mai suna Alfredo Moser ya ƙirƙiro dabarar a 2002, aka yaɗa ta a unguwannin talakawan Filifin daga 2011. A cika gora mai lita 2 da ruwa mai tsabta, a zuba murfi biyu na bilic don kada gansakuka ta fito, a rufe, a huda kwano daidai jikinta a liƙe gefen da kyau. Ruwan ne ke karya hasken rana ya baza shi cikin ɗaki, da tsakar rana yakan kai ƙwai mai wat 40 zuwa 60. Rana na faɗuwa ita ma ta kwanta, kuma ba ta aiki a ɗakin da ke da silin.

Na tambaya, to mai ɗakin soro irin na Gwaggo fa? Aka ce kada a kuskura a huda rufin ƙasa, ruwa na samun hanya azara ta ruɓe. Abin yi shi ne a ƙara wata taga can sama inda idon mai wucewa ba ya kaiwa, a bangon kudu ko na arewa, don na gabas da yamma su rana ke duka kai tsaye safe da yamma. A sa mata raga saboda sauro. Sannan a shafe bangon ciki da farar ƙasa ko farin fenti, a rataya madubi yana fuskantar tagar, a rage labule mai kauri da duhu. Farin bango mayar da haske yake yi, shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa kuwa shanye shi suke yi, shi ya sa ɗaki biyu masu ƙwai iri ɗaya za ki ga ɗaya tar ɗaya dishi-dishi.

Da muka koma Jega ana gobe jere na sami Gwaggo da ƙannenta sun baje kayan amarya suna ƙirga. Kuloli saiti biyar na gani. Na durƙusa na ce, "Gwaggo ina da magana, in an ba ni izini. A mayar da saiti biyu a sayo mata haske." Wata daga cikin iyayen ta ce, "Tabɗi! So kike dangin miji su ce mun gaza?" Gwaggo ta yi shiru tana kallon autarta da ke gefe da jajayen idanu, can ta nisa ta ce, "Kulan da ba a gani cikin duhu, wa zai ƙirga su?" Da la'asar muka shiga kasuwar Jega, layin masu kayan lantarki, faranti jingine a ƙofar kusan kowane shago, taubashina ya zaɓa aka gwada a gabanmu. Aka sayi 'yar akwati mai ƙwai huɗu ta amarya, canjin da ya rage aka ɗauko wa auta fitilar karatu. Daren kai amarya unguwar duhu ne, ɗakinta kaɗai ke haske, 'yan rakiya suka yi ta shiga suna fita suna yaba jere, ba wadda ta lura da saitin da babu.

To 'yan'uwa, ga abin da nake so ku ɗauka. Ke mai shirin aure, ki roƙi Umma ta sa haske a takardar kayan ɗaki tun daga farko, ki kuma nemi a duba miki ɗakin da za ki zauna da rana tsaka kafin a yi fenti, a ga inda taga take. Ke matar aure, kwasar adashe ɗaya na iya raba ki da sayen batirin tocila kowane mako. Ke kuma 'yar makaranta, kuɗin anko ɗaya in kin haƙura da shi zai iya zama fitilar da za ta raka ki har jarrabawa, idonki kuwa ba a sayar da irinsa a kasuwa. Hausawa na cewa rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar biki suke nufi, amma ta sama ma haka take, kullum sai ta fito, saura mu tanadi randar da za mu tare ta.

 Allah ya ba 'yan jarrabawa sa'a, ya zaunar da amare lafiya a ɗakunansu, ya haskaka mana gidajenmu da zukatanmu.